Kofi Uku a Gidan Naman Zamalik

A shekarata ta uku a Alƙahira Alhajin da ya ɗauki nauyin karatunmu ya rasu. Mu shida ya turo daga Kano mu karanci Shari'a. Ba a yi sadakar arba'in ba 'ya'yansa suka aiko mana cewa su ba su san da zancenmu ba, kowa ya kama gabansa. Huɗu suka tattara suka koma gida. Ɗaya ya bi wasu 'yan Nijar zuwa Libiya, ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ni na tsaya, don saura mini wata goma sha huɗu in karɓi takardata, kuma ina da taurin kai irin wanda mahaifiyata ta gaji da yi wa addu'a.

Na bar ɗakin da muke haya kusa da makaranta na koma Ardul Liwa, wata unguwa a Giza inda baƙin haure na Afirka ke cunkushe saboda arha. Dillalin ɗaki ya nuna mini wani mai taga a hawa na biyu. Ranar da na kwaso kayana sai ya miƙo mini mabuɗin wani akurki a kan rufin bene, hawa bakwai da ƙafa. Na yi masa magana, ya dafa ƙirji ya ce, "Ma'alesh." Duk wanda ya zauna a Masar ya san kalmar nan. Da ita ake taka maka ƙafa a mota, da ita ake cinye maka haƙƙi, kuma in ka ci gaba da magana bayan an faɗe ta kai ne marar tarbiyya. A titi direbobin tuk-tuk, a-daidaita-sahun can, ba su taɓa tambayar sunana ba. "Ya samara" suke kirana, wato baƙi, wani lokaci da dariya, wani lokaci da tofar da yawu. Na tsani garin a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na tsani ƙararsa, na tsani wake da burodin da nake ci safe da yamma, na tsani yadda mutum zai rantse maka da Allah sau uku a kan ƙaryar da ku biyun kun san ƙarya ce.

Maƙwabcina a kan rufin wani dattijo ne, Baba Haruna, Bahaushen Sudan. Kakanninsa sun baro Haɗeja a ƙasa za su aikin Hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Hausarsa tsohuwa ce, rabi Larabci. Shi ya fara lura da cewa tukunyata ta daina hawa wuta.

"Ya zol," ya ce da ni wata rana, yadda 'yan Sudan ke kiran mutum, "yaushe rabonka da nama?"

"Ba na ƙirgawa, Baba."

"To gobe ka sa riga mai tsabta. Ana neman mai wanke kofuna a inda nake gashi, a Zamalik, unguwar masu kuɗi. Amma bari in gaya maka tun yanzu, akwai giya a gidan. Ni wuta tawa, nama nawa, ba na taɓa kwalba. Kai kuwa kofunan da aka sha da su za ka wanke. Ka yi shawara da zuciyarka."

Zuciyata ba ta samu ta cewa ba, cikina ya riga ya amsa. Washegari a cikin ƙaramar bas, muna kan gadar da ke shiga Zamalik, na yi wa Allah alkawari ɗaya. Na ce zan wanke, zan goge, zan share, amma giya ba za ta taɓa harshena ba har in bar ƙasar nan. Ni ɗalibin Shari'a ne, na san hukuncin ya fi haka faɗi. Amma abin da na ga zan iya riƙewa ke nan, shi na riƙe.

Ba zan faɗi sunan gidan ba. Wurin cin nama ne na masu hannu da shuni, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da manyan 'yan kasuwa. Sukan rataye naman shanu a ɗakin sanyi makonni har ya yi baƙi, wanda a Kano ko kare sai ya yi tunani kafin ya ɗauka, sannan su yanka su ɗan nuna masa wuta su kai wa mutum yana zubar da jini, ya biya abin da zai ishe ni hayar wata. Baba Haruna yakan gasa yana girgiza kai. Shekara goma sha biyu yana aikin, bai taɓa yarda cewa naman ya nuna ba.

Mai gidan wata bazawara ce, Madam Suzan, gajera, mai murya kamar ana kankare tukunya. Wanda ke kula da giya da masu kai abinci kuma Ustaz Fu'ad ne, ɗan'uwan mijinta marigayi. Dogo ne, kullum cikin baƙar kwat, da wani ɗan ƙaramin kofin azurfa rataye a wuyansa. Shi ke zaɓa wa baƙi giyar inabin da ta dace da namansu, ya buɗe kwalbar a gabansu, ya juya kofi ya shaƙa yana lumshe ido. A makon farko ya ce wa masu kicin, a gabana, su riƙa ƙirga cokula. Da ya ji ni ɗalibi ne sai ya laƙaba mini "ya sheikh", yana jan kalmar yadda kowa zai gane zagi ce.

A nan dole in faɗi sana'ar gidanmu. Mahaifina mai haɗa turare ne a Kasuwar Kurmi. Tun ina ɗan shekara bakwai yakan ɗaure mini ido da ƙyalle, ya ɗiga wani abu a auduga ya kai mini hanci, ya ce, "Kabiru, me ke ciki?" In na ce sandal da farce, ya ce saura. In na kasa, ranƙwashi. Haka na tashi, hancina ba ya hutawa. Nakan san wanda ya shigo ɗaki ban waiga ba. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, gado ne kawai, kamar tsawo.

To mai wanke kofuna ba shi da abokin hira. Tsayuwa ce daga azahar zuwa tashi, hannu a ruwa. Don kada kaina ya kwance sai na ƙirƙiro wa kaina wasa. Duk kofunan da aka dawo da su, kafin in wanke, sai in jera su gida-gida bisa ƙamshin ragowar da ke ciki. Waɗannan kwalba ɗaya suka fito, waɗancan wata. Ban san sunan ko ɗaya ba, ban damu in sani ba.

Wata rana Madam ta shigo kicin tana faɗa a kan wani abu, ta gan ni ina jere-jere.

"Kai, me kake yi? Wanki na ɗauke ka ko wasa?"

Na ce, "Yanzu zan wanke, Madam. Waɗannan shidan abu ɗaya ne a ciki, shi ya sa na haɗa su."

Ta dubi kofunan. Uku manya ne masu faɗin ciki, na giya mai tsada, uku ƙanana. Ta ce, "Ba ka san abin da kake faɗa ba. Manyan nan daga tebur na huɗu suke, kwalbar Faransa suka sha. Ƙananan ta gida ce, ta nan Masar."

Mai hankali da ya ce, "Tamam, Madam," ya ci gaba da wankinsa. Ni kuwa ɗan mai turare ne, an taɓa mini hanci.

"Ko daga ina kwalbar ta zo," na ce, "abin da ke ciki ɗaya ne."

Baba Haruna ya juya mini baya ya shiga gyara garwashin da ba ya bukatar gyara. Madam ta fita, ta dawo da sabuwar kwalbar Faransa ta buɗe da hannunta, da wadda aka kai tebur na huɗu, da ta gida. Ta sa na juya fuskata bango, ta zuba, ta cakuɗa kofunan. Sau biyar ta gwada ni, sau biyar ina ware mata sabuwar gefe guda, ina haɗa sauran biyun. Sai a lokacin na gane abin da na tono. Ustaz Fu'ad yana ɗura giyar gida a kwalaben waje da aka shanye, ya mayar da marfi, ya kai wa baƙin da ya ga ba su san komai ba. Na gaskiyar kuma ya sayar da su ta ƙofar baya.

Ba ta kore shi ba. Dangi ne, kuma shi ya san hanyar takardun izinin sayar da giya. Ta karɓe mabuɗin ɗakin ajiya daga hannunsa kawai. Da yamma ya same ni a bakin famfo, ya tsaya dab da ni har ina jin ƙamshin man gashinsa, ya ce a hankali, "Mabruk, ya sheikh. Hanci mai albarka. Allah ya bar maka shi."

Daga ranar aikina ya sauya. Madam ta ƙara mini albashi, ta ɗinka mini farar riga. Duk kwalbar da za a buɗe sai an ɗiga mini a kofi na shaƙa. In ta lalace in ce ta lalace, don wata takan yi warin ɗakin da ruwan sama ya jiƙa tabarma aka rufe shi. Masu kawo kaya suka fara tsorona. Daga nan ta ce za ta sake jerin giyar gidan gaba ɗaya, ta zaunar da ni a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa da kofuna a gabana, ita da littafi.

"Wannan fa?"

"Ɗinya ce da ta nuna sosai, da ɗan masoro, da warin fata sabuwar jima."

"Mene ne ɗinya?"

Sai in yi ta kwatance har ta samo wani ɗan itace na Turawa ta rubuta a madadinsa. Na ce wata kanya ce da hayaƙin itace, wata zoɓo ne da kanumfari, wata ƙasa ce bayan ruwan farko. Na ce wannan mai nauyi ce, sai nama mai kitse, waccan ba ta da ƙashi, wuta za ta danne ta. Kwalba goma sha ɗaya na sa aka cire daga jerin. Har yau nakan yi dariyar takaici in na tuna cewa jakadu sun zauna a Zamalik suna karanta 'ya'yan itatuwan dajin Kano da aka sa wa sunan Faransanci, suna gyaɗa kai.

Ban tambayi ko ɗaya daga malamaina hukuncin abin da nake yi ba, don na san amsar. Na yi wa kaina fatawa: shaƙa ba sha ba ce. Kullum in na hau gadar nan da dare ko da rana sai in taɓa alkawarina in ji yana nan. Harshena tsarkakakke ne. Na sayi bargo, na biya kuɗin jarrabawa, tukunyata ta koma kan wuta. Kuma, gaskiyar magana, na ji daɗi. Shekara uku ana kirana baƙi a titi, yau ga Misirawa masu kwat suna jiran in buɗe baki.

Baba Haruna ne kaɗai bai taya ni murna ba. Wata Juma'a muna shan shayi a kan rufi ya ce, "Kabiru, wanki na kai ka. Yanzu kai ke zaɓa wa mutane abin da za su sha."

"Ban taɓa kai ta baki ba, Baba."

"Na sani. Tsakanin hanci da baki yatsa nawa ne?"

Raina ya ɓaci, don na san gaskiya ya faɗa. Na ce, "Baba, naman da kake gasawa da me suke kora shi? Da zamzam?"

Ya shanye shayinsa, ya ɗauraye kofin, ya shiga ɗaki. Mutumin da ya ciyar da ni ke nan na gaya wa haka. Kwana uku muna tafiya aiki a mota ɗaya ba ya ce mini komai sai sallama.

Cikin hunturu, a watan da Misirawa ke kira Ɗuba, wanda sanyinsa ke shiga ƙashi, Madam ta tara mu. Ta ce wani Bature zai zo ranar Laraba da rana. Yana rubutu a wata mujallar da mutanen ofisoshin jakadanci ke dubawa kafin su zaɓi inda za su ci abinci, kuma jerin giyar gidan zai zo aunawa. In ya yaba, gidan ya haye. Ta kuma riga ta ba shi labarina ta waya: tana da wani ɗan Afirka, ɗalibin addini, bai taɓa shan giya ba a rayuwarsa, amma ya fi kowa saninta da hanci. Baturen ya ce lallai sai ya gani da idonsa.

Ranar Litinin Madam ba ta nan. Ustaz Fu'ad ya ce mai wanke ɗakin sanyi bai zo ba, kuma dole a wanke kafin baƙo ya zo. Ya miƙo mini bokiti da tsumma. Na ce ba aikina ba ne. Ya ce, "In Madam ba ta nan ni ne Madam, ya sheikh. Yalla." Awa biyu na yi a cikin ɗakin da ake rataye nama, ƙafa a ruwan ƙanƙara, da 'yar riga ɗaya. Na fito na shiga iskar Ɗuba. Ba ni da hujjar cewa da gangan ya yi, amma mai wanke ɗakin ya gaya mini daga baya cewa Ustaz ne ya ba shi hutu.

Talata na tashi da atishawa. Laraba na tashi kaina kamar an cika shi da kunu. Baba Haruna ya ji tarina ta bango, ya manta da fushinsa, ya shigo da shayin citta da kanumfari da masoro. Ya tafasa ruwa ya sa man zafi, ya lulluɓe ni da bargo na yi sirace har hawaye na zuba. Ya kawo albasa ya yanka ya kai mini hanci. Ban ji komai ba.

"Ka gaya mata ba ka da lafiya," ya ce. "Shi ke nan. Ba laifi ba ne mutum ya yi mura."

Na gaya mata. Ta dube ni kamar na ce na ƙona gidan. Ta ce in wanke fuska, in sa farar rigata, hancin zai buɗe. Ta ce ba ta ɗauko mutum daga bakin famfo ta mai da shi mutum don ya zo mata da majina a ranar da take bukatarsa ba.

Baturen dattijo ne mai furfura, mai fara'a, yana ɗan jin Larabci. Ya ci namansa, ya ɗanɗana giya kala-kala yana tofarwa a wani ɗan bokitin azurfa, yana rubutu a ƙaramin littafi. Na hango yana gyaɗa kai, Madam tana washe baki. Jerin da na tsara ne yake yabawa. Can wajen la'asar aka kira ni. Ya miƙo mini hannu, ya tambayi sunana, ya maimaita shi daidai. Shi ne baƙo na farko a gidan da ya yi haka.

Ya sa na juya baya. Da na waigo kofi uku ne a jere a kan farin ƙyalle.

"Biyu daga kwalba ɗaya suke," ya ce, "ɗaya daban. Wanne ne daban?"

Wasan da nake yi ina ɗan shekara bakwai ke nan. Na ɗauki na farko na kai hanci. Babu komai. Na biyu, babu. Na uku, babu. Na sake zagayowa, na ja numfashi har kunnena ya toshe. Kamar ruwan randa nake shaƙa. Masu kai abinci sun tsaya a jikin bango suna kallo, wasu baƙi a tebur na kusa sun juyo da kujerunsu.

Ustaz Fu'ad ya matso, ya turo ɗan bokitin azurfar gabana da yatsa ɗaya. Ya ce da Larabci, da murmushi, "Ɗanɗana ka tofar, ya sheikh. Haka masu sana'ar ke yi. Ba haɗiyewa za ka yi ba."

Madam tana gefena. Ba ta daina yi wa Baturen murmushi ba, ta ce ta gefen baki, "Kada ka kunyata ni. Iƙamarka ta ɗalibi ce, ba ta aiki ba. Waya ɗaya zan buga."

Iƙama ita ce takardar izinin zama. In aka kama ɗalibi yana aiki, a gidan giya ma, ba sai an gaya mini abin da zai biyo baya ba. Saura mini wata biyar. Na ga kaina a filin jirgi da jaka ɗaya, na ga mahaifina a rumfarsa yana tambayata ina takardar.

Ba ta ce in sha ba. Wannan na daɗe ina so in manta, amma ba ta ce ba. Abin da ya rage mini kawai in buɗe baki in ce wa dattijon, "Mura nake yi." Kalma uku. Girman kai ne ya hana, da tsoro, ban san wanne ya fi yawa ba. Wata shida ana jiran maganata, na kasa cewa ban sani ba a gaban Fu'ad.

Na ɗauki kofin farko na kurɓa.

Sanyi na ji, da ɗan tsami, da wani abu mai kama harshe kamar ɗanyen goro. Shi ke nan. Na tofar. Na kurɓi na biyu, haka. Na uku, haka. Babu ɗinya, babu masoro, babu komai. Duk wanda ya taɓa cin tuwo da mura ya san miya ba ta da ɗanɗano in hanci ya toshe. Na san wannan tun ina yaro. A lokacin ne kawai ya ɓace mini, ya dawo bayan kofi na uku. Na nuna na tsakiya, don dole in nuna wani.

Baturen ya daina murmushi tun a kofin farko. Ya ce, "Na hagu ne." Ya dube ni sosai, ya dubi jajayen idanuna. "Kai mura kake yi. Me ya sa ba ka faɗa ba? Da mura ko ni ba zan iya ba, harshe ba ya aiki sai da hanci. Duk mai wannan sana'a ya sani." Ya faɗi haka yana duban Fu'ad da ɗan kofin azurfarsa. Fu'ad ya sunkuyar da kai cikin ladabi, kamar an yaba masa.

Sannan ya juya ga Madam ya ce, "An ce mini ba ya sha. Labarin da na zo rubutawa ke nan." Ya rufe littafinsa.

A kicin Madam ba ta ɗaga murya ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce in cire farar rigar in ajiye. Na ce hancina zai dawo nan da mako guda. Ta ce, "Masu hanci suna da yawa. Wanda ba ya sha nake nunawa. Yanzu kai kamar kowa ne." Fu'ad ya riƙe mini ƙofa da kansa, ya ce, "Ma'alesh, ya sheikh."

Baba Haruna ya biyo ni lungun baya, ya bar nama a kan wuta. Labari ya riga ya kai masa. Na jira ya ce ai dama ya gargaɗe ni, na ma shirya abin da zan mayar masa, don a lokacin neman wanda zan huce a kansa nake yi. Bai ce ba. Ya miƙo mini gorar ruwa da gishiri a tafin hannu.

"Kurkure bakinka," ya ce. "Ƙofar tuba a buɗe take, kai ka fi ni sani. Je ka gida ka kwanta."

Na kurkure har gorar ta ƙare, har dasashina ya yi jini. Ba abin da nake ji a bakin tun farko, don haka ban san lokacin da zan ce ya fita ba.

Madam ba ta buga wa kowa waya ba. Na gama karatuna a kan lokaci, da dako a wani shagon atamfa da kuma tukunyar Baba Haruna, wanda bai sake tayar da maganar ba har muka rabu. Takardar tana nan a gidana cikin firam. Amma in an ce Alƙahira ba ita ke zo mini ba, yammacin ranar nan ne.

Na isa Ardul Liwa ana kiran magariba. A ƙasan benenmu akwai ɗan masallaci, ɗaki ɗaya, sahu huɗu. Na yi alwala na shiga, na nemi gefe. Aka yi iƙamar salla, liman bai zo ba. Mutane suka shiga waige-waige, sai mai gadin benen ya hango ni. Ya san ni ɗalibi ne, yana jin karatuna daga kan rufi da asuba.

"Ga shehi nan," ya ce. "Bismillah, ya sheikh, shiga gaba."

Shi da gaske yake, ba zagi a muryarsa. Sahu ya buɗe mini hanya. Hannuwa suka dafa bayana suna turawa a hankali, har da na wasu direbobin tuk-tuk da na sani a titi. Shekara uku ina jiran mutanen garin nan su ga wani abu a jikina ban da fata, sai yau suka gani.

Na ce, "Mura nake yi."

Sai a lokacin kalmomin suka fito, ba wuya, ba komai. Na ja da baya har sahun ƙarshe, kusa da takalma. Aka tura wani direba gaba, ya yi kabbara, ya fara karatu da sauri-sauri. A raka'ar farko ya tsallake aya guda, a ta biyu ya sarƙe ya tsaya yana jiran wani ya ɗora shi. Ayar tana kan harshena, na san ta kamar sunana. Na ji mai gadi ya ɗan yi gyaran murya, ni yake jira. Ban buɗe bakina ba.